Burga a Katin Ƙarshe: Yaushe Take Ci, Yaushe Take Cinye Mai Ita

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a wajen Ringim. Da rani, in an gama kai amfani gida, mukan zauna mu biyar ko shida mu buga foka, irin Texas Hold'em ɗin da muka koya a waya. Ba kuɗi muke sawa ba, ƙwayar masara muke rabawa, kowa 200. Matsalata burga ce a katin ƙarshe, kusan duk sa'ad da na yi sai an kama ni. Ga na jiya: ina riƙe da Q da J na zuciya. Katin tsakiya uku na farko K na zuciya, 9 na zuciya, 4 na ganye. Na zuba, mutum ɗaya ya bi. Na huɗu ya zo 2 na shebur, ya wuce, ni ma na wuce. Na biyar 6 na daimon, ya sake wucewa. Tsibin ya kai masara 60, na zuba 20, ko tunani bai yi ba ya bi ni da 9 da 8, ya kwashe. Shin fuskata ce take tona ni, ko kuwa burgar ce ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanina. In na fahimce ka, tambayarka ita ce: me ya sa mutum yake bin ka alhali kana so ya ajiye kartarsa, kuma yaya za ka gane lokacin da burga za ta karɓe ka. Amsa a taƙaice, bar zargin fuskarka. A wannan hannun da ka kawo, ko da rawani ka naɗe fuskar sai ya bi ka, domin abin da ka zuba da yadda ka buga zagayen baya su ne suka gaya masa komai.

Kafin mu shiga, na ji daɗi da ka ce masara kuke rabawa. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wani kokwanto ba, kuma a Kano da Jigawa Hisba na kama masu yin ta. Duk abin da zan faɗa a nan lissafin wasa ne a kan masara. Hukuncin zaman karta ko babu kuɗi kuwa, wannan na malaman fiƙihu ne, su za ka tambaya.

A Texas Hold'em kowa yana riƙe da kati biyu, ana buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa yake haɗawa da nasa. Masu wasan suna kiran katin tsakiya na biyar riba, wato kogi da Turanci. Ni zan riƙa cewa katin ƙarshe, kada ya rikice mana da ribar ciniki, don ita ma za mu yi maganarta.

Abin da ya raba wannan zagaye da sauran

A zagayen baya, in ka zuba da hannun da bai haɗu ba tukuna, hanya biyu gare ka ta ci: ko abokin wasa ya ajiye, ko katin da kake jira ya zo. Hannunka na jiya misali ne mai kyau. Bayan kati uku na farko, akwai zuciya 9 da suka rage waɗanda kowacce za ta ba ka kati biyar iri ɗaya, wato fulash, ga kuma 10 guda uku da ba na zuciya ba da za su haɗa maka jeri daga 9 zuwa K. Kati 12 ke nan suke maka aiki. Zubin da ka yi a lokacin daidai ne.

Da katin ƙarshe ya faɗo, wannan hanya ta biyu ta rufe. Babu sauran abin jira. Kowane zubi a nan ɗayan biyu ne: ko kana so wanda ka fi ya bi ka ka ci nasa, ko kana so wanda ya fi ka ya ajiye. In ba ka iya faɗin wanne kake nufi ba, kuma ba ka iya ambato ainihin hannun da kake so ya bi ko ya ajiye ba, to ka wuce kawai.

Farashin burga

Burga saye ne. Kana biyan wani abu don ka sayi tsibin da ba naka ba, kuma kamar kowane saye, tana da farashin da in ya wuce shi faɗuwa ce. Lissafin gajere ne: ka raba abin da za ka zuba da jimillar tsibin da zubin naka. Abin da ya fito shi ne yawan lokutan da dole abokin wasa ya ajiye kafin ka mayar da uwar kuɗi.

A tsibi mai 60, in ka zuba 20, 20 ne cikin 80, wato kashi 25 cikin 100: sau ɗaya cikin huɗu. In ka zuba 30, rabin tsibi, sau ɗaya cikin uku. In ka zuba 40, kashi 40. In ka zuba 60 cif, sai ya ajiye rabin lokaci. In ka ninka ka zuba 120, sai ya ajiye sau biyu cikin uku. Waɗannan biyar ɗin ka haddace su kamar yadda ka haddace kuɗin mudu da tiya, don ba a zaune da alƙalami ake buga karta ba.

A nan ne mutane da yawa suke ganin ƙaramin zubi ya fi arha, tunda sau ɗaya cikin huɗu kawai ake nema. Sun manta shi ma abokin wasa yana da nasa lissafin. Da ka zuba 20 a kan 60, ya ga 80 a ƙasa, zai sa 20 ya ɗauki 100 gaba ɗaya. Ko sau ɗaya cikin biyar ya yi daidai bai faɗi ba. Wa zai ajiye tagwayen 9, wato 9 ɗin hannunsa da ta tsakiya, a kan wannan farashi? Da 60 ka zuba, sai ya sa 60 don ya ɗauki 180, dole ya yi daidai sau ɗaya cikin uku, ga kuma ciwon rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka raba masa tun farko. Arhar da ka nemar wa kanka, shi ka ba.

Mu ƙirga hannunka na jiya

Tambayar da ake yi kafin burga ba "me yake riƙe da shi?" ba ce, don wannan duba ne. Tambayar ita ce: waɗanne hannuwa ne za su iya kawo shi nan ta wannan hanyar, kuma nawa ne daga cikinsu za su ajiye?

Ƙirgar ba wuya. Kowace lamba guda huɗu ce a cikin kati 52. Lambobi biyu daban, kamar K da 10, suna haɗuwa ta hanya 16, wato huɗu sau huɗu. Duk katin da ka gani a tsakiya ko a hannunka sai ka cire shi.

Mutumin ya bi zubinka a kan K, 9, 4. Mu ɗauki hannuwan da aka fi gani a irin wannan wuri. Masu K tukuna: K uku suka rage. K da Q, uku sau uku ne tunda Q ɗaya tana hannunka, 9 ke nan. K da J ma 9. K da 10, 12. Jimilla 30. Na bar A da K a waje, don mai ita yakan ƙara zubi tun kafin a buɗe katin tsakiya. Sannan mai K da ya ga ka wuce a kati na huɗu, sau da yawa shi zai fara zubi a na biyar. Wannan bai yi ba, don haka mu rage su zuwa rabi, 15.

Masu 9: uku suka rage. A da 9, 10 da 9, 9 da 8, kowanne 12. Jimilla 36. Sai masu A na zuciya da wata zuciyar, waɗanda suka jira fulash kamar ka bai zo ba. Zuciya huɗu kana ganinsu, saura tara, A ɗin tana iya haɗuwa da takwas. Hanya 8 ke nan.

Akwai kuma masu J da 10, da masu Q da 10, da ƙananan zuciya biyu da ba su haɗa komai ba. Kada ka sa su a lissafin burga ko kaɗan. Ka riga ka fi su. Kai ne na ƙarshen magana, da ka wuce aka buɗe, Q da J ɗinka ce za ta ɗauki tsibin. Ajiyewarsu ba ta ƙara maka ko ƙwaya ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓoyuwa: mutum ya zuba, a ajiye masa, ya yi ta murna burgarsa ta ci, alhali hannun da ya kora bai kai nasa ba.

To, waɗanda suka fi ka su ne 15 da 36 da 8, wato 59. Da masara 20, wa zai ajiye? Masu A ɗin nan 8 ne kawai, su ma ba duka ba, don uku daga cikinsu sun haɗa tagwaye da 6 ko 4 ko 2 na tsakiya. Ko mun ba ka su duka, 8 cikin 59 bai kai kashi 14 ba, kai kuwa 25 kake nema. Tun kafin ka miƙa hannu zubin nan faɗuwa ne.

Da 60 ka zuba fa? In har masu 9 za su ajiye, 44 ne cikin 59, kusan kashi 75, kai kuma 50 kake nema. Riba mai kauri. Sai dai duk maganar ta rataya a kan wannan "in har", kuma a nan ne zagaye na huɗu ya dawo ya cije ka.

Labarin da zubinka yake bayarwa

Kowane zubi magana ce, kuma abokin wasa yana haɗa maganganunka tun daga farko ya ga ko sun yi daidai da juna. Naka ya ce: "Ina da K." Sai 2 na shebur ya zo, katin da bai tsoratar da kowa ba, ka yi shiru. Mai K na gaskiya, yana ganin zuciya biyu a ƙasa, ba ya shiru a nan, yakan sake zubawa don kada mai jiran fulash ya ga kati kyauta. Sai 6 na daimon ya zo, bai haɗa fulash ba, bai haɗa wani jerin da za a zata kana riƙe da shi ba, kai kuma ka dawo kana cewa kana da abu. Wane abu? Duk wanda ya kalli ƙasa ya san zuciyar ba ta zo ba, 10 ma ba ta zo ba. Hannuwan da suka fi dacewa da yadda ka buga su ne ainihin irin wanda kake riƙe da shi.

Ka taɓa tsayawa a kara ranar Alhamis a Maigatari? Mai sayen da ya taya sa ya ce ya tafi, in ya yi taku uku yana waiwaye, dillali ba ya ko ɗaga kai. Wanda ake kira a ce "dawo, Alhaji" shi ne wanda tun zuwansa ya nuna yana da wani san da ya gani a can gefe, ya kuma juya bai waiwayo ba. Tafiyar iri ɗaya ce, abin da ya gabace ta ne ya bambanta.

Saboda haka burgar katin ƙarshe tun a na huɗu ake shirya ta. Da ka sake zubawa a kan 2 ɗin, da kati 12 ɗinka suna nan suna maka aiki, wasu masu 9 tun a nan za su ajiye, waɗanda suka dage kuma in zubi na uku mai nauyi ya zo za su ga labari ne da ya tafi a miƙe: K mai ƙarfi, ko tagwaye biyu, ko 'yan uku. In kuwa ka riga ka wuce a na huɗu, kuma katin ƙarshe bai sauya komai ba, mafi yawan lokaci haƙuri ne ya fi.

Katin da ke taimakon burga shi ne wanda ya sauya wa ƙasa kama, kuma ya fi dacewa da kai a kan abokin wasa: na uku a irin da ake jira, ko A da ta faɗo alhali kai ne ka ƙara zubi tun farko, ko katin da ya cike jeri a fili. Shahararren misali shi ne na gasar foka ta duniya ta 2003 a Las Vegas ta Amurka, inda Chris Moneymaker, wani akawu, ya rage shi da Sam Farha. Farha yana da Q da 9, ya haɗa tagwayen 9, mafi girma a ƙasa. Moneymaker yana da K na shebur da 7 na zuciya, bai haɗa komai ba. Kati na huɗu ya zo 8 na shebur, shebur na uku ke nan a ƙasa, Farha ya zuba, Moneymaker ya ƙara a kai. Na biyar ya zo 3 na zuciya, Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa, Farha ya daɗe yana nazari ya ajiye. Dubi bambancin da naka. Ya fara maganar ne daidai lokacin da katin tsoro ya faɗo, ya ci gaba da ita bai yanke ba, ya kuma sa farashin da ya fi ƙarfin tagwaye ɗaya.

Da wane hannu ake burga

Tun a 1944 masanin lissafi John von Neumann, tare da Oskar Morgenstern, suka warware wani sauƙaƙan nau'in foka a kan takarda, abin da ya fito kuma har yau shi ne ginshiƙi: ka zuba da hannuwanka mafi kyau, ka yi burga da mafi muni, na tsakiya ka wuce da su. Dalilin a fili yake. Hannu na tsakiya yana iya ci in an buɗe, in ka zuba da shi waɗanda ka fi su gudu, waɗanda suka fi ka su bi, ka yi biyu babu. Mafi munin kuwa ba shi da wata hanyar ci sai burga, ba abin da ya rasa.

Bayan wannan sai maganar tarewa. Katin da ke hannunka ba zai kasance a hannunsa ba. Kana so ka riƙe katin da hannuwansa masu bi suke bukata, kada kuma ka riƙe wanda hannuwansa masu ajiyewa suke bukata. In shebur uku ne a ƙasa kai kuma kana da A na shebur ita kaɗai, ka san tabbas ba shi da fulash mafi girma, kuma kana iya yin kamar kai ne mai shi. K na shebur ɗin Moneymaker ma irin wannan aikin ta yi masa.

Naka hannun ya zo a juye. Q da J na zuciya sun cinye zuciya biyu daga cikin waɗanda kake fata yana riƙe da su. Ba don su ba, masu A na zuciyar nan 10 ne, ba 8 ba. A wannan ƙasar dai, J da 10 na shebur sun fi naka dacewa da burga: ba sa cin ko mai Q in an buɗe, ba su taɓa zuciya ko ɗaya ba, sun kuma rage masa K da J da K da 10. Shi ya sa ƙwararru suka fi son burga da jerin da bai zo ba a kan fulash ɗin da bai zo ba. Amma kada ka ɗauki tarewa da girman da ba ta kai ba. Takan motsa lissafi da ɗan kaɗan ne, aikinta raba gardama tsakanin hannuwa biyu da suka yi kusa. Ba ta gyara labarin da ya karye.

Sau nawa

Wanda ba ya burga sam, da ya zuba kowa ya ajiye, hannunsa mai kyau ba ya samun mai saye. Wanda kullum burga, kowa ya bi shi. Tsakanin nan akwai ma'aunin da in ka tsaya a kansa, ko ya bi ko ya ajiye duk ɗaya ne a wajensa.

In zubinka ya yi daidai da tsibi, burga ɗaya ce a kan zubin gaskiya biyu. Gwada shi: tsibi 60, zubi 60. Ya bi ka sau uku, sau biyu ya rasa 60, ya yi asarar 120, sau ɗaya ya kama ka ya ci 120. Ya tashi babu ci babu faɗuwa. In rabin tsibi ne, burga ɗaya a kan gaskiya uku: ya rasa 30 sau uku, ya ci 90 sau ɗaya. In kashi ɗaya cikin uku ne irin naka na jiya, ɗaya a kan huɗu. In ninki biyu ne, biyu a kan uku. Ka lura, gwargwadon girman zubi gwargwadon burgar da yake iya ɗauka, kuma ko a mafi girmansa burga ba ta kai rabi ba. Kwamfutar Libratus da jami'ar Carnegie Mellon ta ƙera, wadda ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 a Pittsburgh a 2017, an san ta da zubin da ya ninka tsibi, da hannu mai ƙarfi da kuma wanda ba komai.

Yadda ake aiki da wannan a zaune shi ne ka tambayi kanka: waɗanne hannuwa masu kyau ne zan buga daidai haka har zuwa nan, kuma hanya nawa ne? In sun kai 12 kuma cikakken tsibi kake zubawa, gurbin burga 6 ne. Sai ka cike su da mafi munin hannuwanka masu tarewa mai kyau, sauran ka bar su su mutu. In ka duba ka ga babu wani hannu mai kyau da za ka buga haka, to gurbin burgar ma babu. Kuma girman zubin ya zama ɗaya. In da gaskiya kana zuba 50 da burga kuma 20, kwana biyu ya ishi abokanka su gane.

Masara ba ta da zafi

Duk ma'aunin da na kawo na wanda ya iya wasa ne kuma yake jin ciwon rashi. A dandalinku akwai wani abu da ya fi lissafin nan ƙarfi: wanda masararsa ta ƙare yakan miƙa hannu a buhu ya ɗebo wata. Mutumin da bi ba ya ci masa komai, ga kuma son ya ga abin da ka riƙe, ba zai ajiye ba. Haka abin yake a wasannin waya na kyauta, inda kowa ke tura duka don gobe za a sake ba shi. Ina kyautata zaton rabin kamun da ake yi maka daga nan yake.

Maganinsa biyu. Na farko, ka karkata. In mutum ba ya ajiye tagwaye, ka daina yi masa burga ɗungurungum, ka koma cin sa da gaskiya. Mai bin ka da 9 da 8 a kan K, duk ranar da kake da K ko da rakiyarta 10 ce, ka zuba masa sau uku, na ƙarshen ya yi nauyi. Har A da 9 ma tana iya zuba masa kaɗan. Abin da burga ta ci maka, nan za ka mayar da shi da ƙari. Burgar ka ajiye ta don mai taka-tsantsan, wanda ka sha gani yana nuna hannu mai kyau yana ajiyewa yana cewa "na san kana da shi".

Na biyu, ku sa wa masarar daraja ba tare da kuɗi ba. Kowa 200, babu ƙari. Wanda tasa ta ƙare ya koma ɗan kallo har a tashi, zubin dole na farko kuma ya riƙa hawa duk bayan minti 20 don kada zaman ya ja. Da zarar fita daga wasa ya zama abin gudu, za ka ga waɗanda ba sa ajiyewa sun fara nazari.

Sai yawan mutane. Lissafin da muka yi duk na mutum biyu ne. In kowane ɗaya yakan ajiye sau 60 cikin 100, su biyu tare sau 36 ne, su uku bai kai 22 ba. Zubin cikakken tsibi da yake riba a kan mutum ɗaya ya zama faɗuwa a kan biyu. Ku biyar ko shida da kuke zama, in mutum uku suka kai katin ƙarshe, kusan kullum wani yana da abin bi.

In kai ake yi wa, a gajarce: yawancin masu wasan nishaɗi ba sa burga da babban zubi a katin ƙarshe yadda lissafi ya ce a yi, balle su wuce sannan su ƙara a kan naka. Wannan kusan kullum gaskiya ce, ka ajiye tagwayenka ba kunya.

Fuska, da iyakar wannan lissafi

Ban ce jiki ba ya magana ba, amma muryarsa ƙasa take da ta zubi. Abin da ya fi tona mutum sauyi ne: mai surutu ya yi tsit, ko mai nazari ya yi saurin turawa. Gyaransa shi ne ka yi komai iri ɗaya. Katin ƙarshe ya faɗo, ka ƙirga goma a zuci ko me kake riƙe da shi, ka ƙirga masarar a gabanka, ka tura da hannu ɗaya, ka kalli tsakiya, ka rufe baki. Rawar hannu kuwa kada ta ruɗe ka a jikin wani, sau da yawa ta mai babban hannu ce da zumuɗi ya kama.

Abin da nakan sa mai koyo ya yi shi ne ya sami ɗan littafi, bayan an tashi ya rubuta kowace burgar katin ƙarshe: tsibi nawa, zubi nawa, mutum nawa, wa ya bi da me. Sai ta kai talatin kafin ya yanke hukunci. Burgar da take ci rabin lokaci tana iya faɗuwa sau biyar a jere, damar hakan ɗaya ce cikin 32, kuma mai yawan wasa zai gamu da ita. Kamu ɗaya ba hujja ba ne, haka ci ɗaya. In a talatin ɗin ba a taɓa kama ka ba, burgarka ta yi kaɗan. In an kama ka fiye da abin da farashin zubinka ya yarda, littafin zai nuna maka a wajen wa, kuma galibi suna ɗaya ko biyu ne suke maimaituwa.

Ƙirgar da na yi ta 59 ɗin nan a kan zato ta tsaya. Rage masu K da na yi zuwa rabi kintace ne daga yadda akasarin mutane suke buga wurin, kai da kake zama da mutumin kullum kai ne za ka gyara lambobin. In irin mai laɓewa da K ne yana jiran ka zuba, mayar da su 30, sai waɗanda suka fi ka su zama 74, masu ajiye wa zubin 60 kuma 44 cikinsu, wajen kashi 59. Har yanzu ya haura 50, amma tazarar ta ragu ƙwarai: in masu A da 9 kaɗai suka ƙi ajiyewa, saura 32 cikin 74, kashi 43, zubin ya koma faɗuwa.